In Mota Tana Rawar Ɗari

Yau za mu yi magana a kan wata cuta ta mota, irin akori-kurar nan mai shan fetur da ke kai mana hatsi da albasa kasuwa. Kowa ya san in ta kwana a gareji ranar kasuwa, ba mai ita kaɗai ke hasara ba. Tumatir ya ruɓe, mai jinya ya rasa abin hawa zuwa asibiti.

Ga alamun cutar. An ta da inji, mota tana tsaye, direba bai taka totur ba, amma sai ka ga tana makyarkyata kamar mai zazzaɓi. Ƙarar inji ta hau, ta sauka, wani lokaci ta mutu. In an kama hanya kuwa, sai ta riƙa fizga, tana shan mai fiye da kima. Lafiyayyen inji in ya yi zafi yana tsaye, yakan juya kamar sau 600 zuwa 800 a minti ɗaya, ba hawa ba sauka.

To, kafin a yi magani sai an san cuta. Inji abu biyu yake ci, iska da mai. In da za a auna su a sikeli, iska kashi 14.7 ce ke tafiya da fetur kashi 1. Motocin dā kabureta ke haɗa su. Yawancin na yanzu kuwa wata 'yar kwamfuta ce, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Iska tana shiga inji ta wani maƙogwaro mai 'yar ƙofa. In direba ya taka totur, ƙofar ta buɗe. In ya ɗaga ƙafa, ta rufe.

Amma kwamfuta ba ta da ido. Saboda haka aka ɗaura mata ɗan aike a jikin ƙofar, sunansa sensar totur. Aikinsa ke nan ya gaya mata ko ƙofa a rufe take, ko ta buɗe kaɗan, ko ta buɗe duka. Da abin da ya faɗa, da abin da sauran 'yan aike suka kawo, take yanke yawan man da za ta ba inji. Ku duba fa, in ɗan aike ya zama maƙaryaci, ko sarki mai adalci ne sai ya yi hukuncin banza. Ƙofa tana rufe, sensa ya ce a buɗe take, sai kwamfuta ta ƙara mai. Can kuma ya sāke magana, ta rage. Rawar ɗarin ke nan.

Me ke sa shi ƙarya? Kun san abin murɗawa na ƙara muryar rediyo. In ya tsufa, kana murɗawa yana ƙarƙar, murya tana yankewa. Cikin irin wannan sensa haka yake: wani ɗan harshe ne ke gogar wani zirin gawayi. Yau da gobe sai wurin ya cinye, musamman daga farko-farko, inda ƙafar direba ta fi zama.

Sai dai kada mu yi gaggawa. Akwai waɗansu abubuwa da ke kawo wannan rawa, sensa kuwa lafiyarsa lau. Mutane da yawa sun sayi sabo da kuɗi masu yawa, aka ɗaura, cuta tana nan. Don haka ga yadda za a bi, daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Da fari a ja birkin hannu, a fid da giya, a sa dutse a taya. Kada a sha taba kusa. Kada a bar inji yana aiki cikin rufaffen ɗaki, gama hayaƙinsa yana kisa. A kuma nisanta hannu da bakin riga daga fanka.

Na ɗaya, a duba matatar iska. Ƙurar hunturu takan toshe ta. A duba fulogi kuma.

Na biyu, a kasa kunne inji yana aiki. In an ji tsaki kamar na maciji, wata tiyon roba ce ta tsage, iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya.

Na uku, a kashe inji, a leƙa maƙogwaron. In baƙin datti ya taru a bakin ƙofar, a wanke da maganin da aka yi domin haka, da tsumma mai tsabta. Sau da yawa nan ciwon yake ƙarewa.

Na huɗu, a zare soket na sensa a duba. Ko ya yi tsatsa? Ko ruwa ya shiga? Ko ɓera ya ci waya?

Na biyar, sai awo. Nan ne karatu zai yi mana rana. Ana auna ƙarfin lantarki da mita, ma'auninsa kuwa bolt ne, alamarsa harafin V. Batirin tocila bolt 1.5 ne, watau ɗaya da rabi. Batirin mota bolt 12. Sensa irin wanda muke magana wayoyi uku gare shi. Ɗaya tana kawo masa bolt 5 daga kwamfuta. Ɗaya ta ƙasa ce, inda wuta ke komawa. Ta ukun ita ce mai kai labari.

A mai da soket, a murɗa makulli fitilun gaban direba su kama, amma kada a ta da inji. A fara auna mai kawo wuta. In ba a sami bolt 5 ba, sai a bi waya. In an samu, a koma kan mai kai labari. Ƙofa tana rufe, mita za ta nuna wajen 0.5, watau rabin bolt. Wani ya taka totur sannu sannu. Lamba za ta riƙa hawa, 1, 2, 3, har wajen 4.5 in an taka duka. Ko wace mota da nata ƙa'idar, tana rubuce cikin littafinta, amma abin lura ɗaya ne: lamba ta hau a hankali kamar mai hawa tsani. In ta yi tsalle, ko ta faɗo 0 a tsakiya sa'an nan ta koma, to, an kama maƙaryaci.

Saura gwaji ɗaya. A ɗaga ƙafa daga totur, a girgiza wayoyin da hannu, ido yana kan mita. In lamba ta motsa, waya ce ko soket, gyaransu kuwa ba tsada.

Akwai kuma wata na'ura da makanikai ke da ita. Tun shekarar 1996 dokar Amurka ta ce ƙananan motocin da za a sayar a can su zo da wani soket mai ƙafa 16 kusa da sitiyari, daga baya wasu ƙasashe suka bi. In an jona na'urar, kwamfuta takan faɗi ƙorafinta da lambobi. P0122 na nufin wutar da ke zuwa daga sensa ta yi ƙasa ƙwarai. P0123, ta yi sama ƙwarai. P0124, tana zuwa tana yankewa. Amma ku lura, lambar unguwa kaɗai take nunawa, ba ta nuna gida. Tsinkakkiyar waya ma takan kawo ta. Sai an auna.

Gargaɗi ɗaya. Sababbin motoci da yawa ba su da igiya tsakanin totur da ƙofa, lantarki ke buɗe ta. Irin waɗannan kada a tura ƙofar da yatsa, a kai wa wanda ya san aikinsu.

To, jama'a, kun ga amfanin abin da muke koyo a ajin nan. Wanda ya san bambancin 0.5 da 5 zai tsaya kusa da bakanike ya ce, "Malam, nuna mini a mita tukuna." Bakanike na kirki ba zai ji haushi ba, sai ma ya ji daɗi. Na banza kuwa zai san ba a rufe wa mai karatu ido.

Ku riƙe wannan: a duba, a wanke, a auna, kana a saya. Kowa ya rubuta lambobin nan uku cikin littafinsa, 0.5 da 4.5 da 5, gobe za mu tambaya.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu amfana da abin da muka ji. Amin.