Jawabi Bisa Shaidar Gwajin Jini Da Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma

 Wanga jawabi ne da anka karanta ga majalisinmu na Gidan Dahala, cikin birnin Sakkwato, anka rubuta shi domin wanda bai halarta ba.

Ya ku malamai, Allah shi gafarta muku, ya ku almajirai, mas'alarmu ta yau ita ce wagga. Idan anka kawo wa alƙali takardar gwajin ƙwayar halitta, wadda Turawa ke ce wa DNA, takarda ta ce jinin da anka samu ga wuƙa na wane ne, shin wane shina da haƙƙin a kawo mai gwajin gabansa shi yi masa tambaya? Jawabinmu, shina da shi, ga shari'a da ga dokar ƙasa duka.

Ku sani Allah ya ajiye wani ɓoyayyen rubutu cikin jinin mutum da yawunsa da saiwar gashinsa, rabi gadon uwa, rabi gadon uba. Mai gwaji shina duban wurare kamar 20 cikin rubutun nan, shi gwada su da na wanda ake tuhuma. Wani masanin Ingila, Alek Jefris, shi ya gano hanyar a birnin Lesta cikin 1984. Cikin 1986 gwajin ya wanke wani saurayi can, bayan ya riga ya amsa laifin kisan da bai yi ba. Saboda haka ba mu ƙin wanga ilmi. Magabata sun san ƙiyafa, wato gane dangantaka da kamannin jiki, kuma labarin Mujazzizu al-Mudliji sananne ne, wanda ya dubi ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama, kawunansu a rufe, ya gane jini guda ne. Amma malamai sun sharɗanta ƙa'ifi shi zama adali, gwani wanda anka jarraba.

Mutanen Sakkwato ba baƙin irin wagga shari'a ba ne. Cikin 2001 kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa bisa cikin da ta samu, namijin da ta ambata ya yi musu, anka sallame shi don babu shaidu. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta sallame ta ran 25 ga Maris 2002. Ana cikin wagga shari'a, ga watan Shawwal 1422, wato Janairu 2002, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka bisa hukuncin gwajin. Sunka yarda a dogara da shi wurin binciken laifin da babu haddi ko ƙisasi cikinsa, sunka hana a kore tabbatacciyar nasaba da shi, ko a gabatar da shi bisa li'ani. To, ko inda anka yarda da shi, ƙarina ce, ita kuwa ƙarina ana bincikenta.

Ku duba hannuwan da abin ke bi. Wani ya dangwalo jinin da auduga, wani ya rufe ya rubuta suna, wani ya ɗauka ya kai ɗakin gwaji, wani ya sa cikin na'ura, wani ya karanta ya sa hannu. Kowane ɗayansu ɗan Adam ne, shina mantuwa, shina gaugawa. Takarda kuwa ba ta rantsuwa, ba ta amsa tambaya.

Cikin 1995, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wata mai gwaji ta shaida a kotu cewa ƙwayar halittar da anka samu ga wata riga ta wanda ake tuhuma da yi wa wata mata fyaɗe ce. Da lauyansa ya gama yi mata tambayoyi, sai ta gane kuskurenta, ta komo ta faɗa wa kotu an musanya sunaye, an rubuta na matar wurin nasa, nasa wurin nata. Abin da anka samu ga rigar na matar ne. Da an karɓi takarda ita kaɗai, wa zai tono wannan? A Jamus da Ostiriya da Faransa kuma 'yan sanda sunka yi shekaru suna neman wata mata da ƙwayar halittarta ta bayyana a wuraren laifi kamar 40, har da kisan wata 'yar sanda cikin 2007. Sai cikin 2009 anka gane ta wata ma'aikaciya ce a masana'antar audugar da suke dangwale da ita.

Mazhabarmu ta Malikiyya ta riga ta yi wa wannan magani da i'izari, wanda Ibnu Asimi, alƙalin Garnaɗa, wanda ya rasu cikin 1426, ya yi wa babi cikin Tuhfa. Kafin hukunci alƙali shina sanar da wanda anka yi shaida kansa su wa sunka shaida, shi ba shi lokaci shi soke su in shina da abin suka, shi tambaye shi ko akwai sauran hujja. Hukuncin da anka yanke babu i'izari abin warwarewa ne, sai wurare kaɗan da malamai sunka toge. To yaya mutum zai soki shaidan da bai gani ba, bai san sunansa ba?

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 36, ya ba wanda ake tuhuma ikon shi yi wa shaidun masu ƙara tambaya, da kansa ko ta bakin lauyansa. Dokar shaida ta 2011 ta yarda a karɓi takardar wasu masanan gwamnati, amma ta ba kotu ikon kiran wanda ya sa hannu in ɗayan masu shari'a ya roƙa kuma adalci ya buƙata. A Amurka ma kotun ƙoli ta yanke cikin 2009 cewa takardar gwaji shaida ce, sai mai ita ya bayyana. Cikin 2012 alƙalanta sunka rarrabu bisa wata shari'ar DNA ta jihar Ilinoi, anka bar hukuncin ɗaurin. Cikin 2024 sunka komo sunka ce masanin da bai yi gwajin ba, ba shi da damar isar da maganar wanda ya yi domin a gaskata ta.

Ya 'yan'uwa, talaka da ya ga takarda mai hatimi da Turanci sai jikinsa shi mutu, shi yi shiru. Ku malamai ku ne ake fara zo wa kafin a je ga lauya. Ku gaya masa shi roƙi kotu a kira mai gwajin, a tambaye shi wa ya ɗebo abin, ina ya kwana, hannu nawa ya bi, an rufe shi ko a buɗe ya iso, akwai saura da za a sake gwadawa a wani ɗaki. Ku sani kuma samun ƙwayar halittar mutum ga wuƙa bai faɗi yaushe ta hau ba, ko ta wace hanya. Gwani mai gaskiya ba shi jin tsoron tambaya, kuma wanda anka zalunta shi ma ba shi amfana da ɗaurin wanda bai zalunce shi ba.

Allah shi tsare alƙalanmu daga kuskure, shi tsare mu daga shaidar zur. Allah ne mafi sani.