Tsakanin mai tausa da mai ciwo

Hirar yau a kan tausa take.

Kowane gari yana da mai tausa. Manomi ya wuni duƙe a gona, ƙugu ya riƙe, sai a kira shi. Mace ta haihu, sai tsohuwa ta zo ta gasa mata jiki. Aikin taimako ne, amma yana da ladabinsa.

Mai tausa da baki yake fara aiki. Ya yi sallama, ya gaida mai ciwo, ya wanke hannu da sabulu. Kafin ya shafa man kaɗe, sai ya tambaya: "Baba, ina ke ciwo? Tun yaushe? Faɗuwa ka yi?"

To, nan wuyar take. Bahaushe in an ce masa "yaya jiki?", sai ya ce "da sauƙi", ko da ya kwana uku bai runtsa ba. Wannan amsar gaisuwa ce. Mai tausa ya sake tambaya. Mai haihuwar fari ta fi kowa ɓoyewa, don tana jin kunya, tana gudun a ce raguwa ce. Sai tsohuwa ta sallami mutane daga ɗaki, ta rufa mata zane, ta ce: "Ɗiyata, in na taɓa inda ke zafi, faɗa mini." Ita kuma ta ce: "Nan ne, Inna, a sassauta." Faɗin haka ba rashin kunya ba ne.

Tambayar nan tana tsirar da rai, domin akwai ciwon da ba ya son tausa. A kwana 40 na jego, jini yakan daskare cikin jijiyar ƙafa. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi. In aka murza ta, gudan jinin yana iya tashi ya toshe hanyar jini a huhu, mace ta mutu. Yaro mai zazzaɓi wanda wuyansa ya sanƙare, musamman da rani, wataƙila sanƙarau ne. A shekarar 2015 wannan cuta ta kashe mutum fiye da 500 a Nijar. Ba a danna cikin mai juna biyu, ba a murza karaya. Mai tausa na kirki, in ya ga irin waɗannan, sai ya janye hannu ya ce: "Wannan ya fi ƙarfina, a tafi likita yau."

Mace ita ke yi wa mace, namiji ya yi wa namiji. In mai ciwo ya yi shiru, a bar shi ya huta, ban da yawan surutu. Abin da mai tausa ya gani ko ya ji a ɗaki, kada ya kai shi bakin rijiya. Lada kuwa, ko kuɗi ko hatsi, a shirya shi tun kafin a fara.