Kasafin Kuɗin Jiha da Sulhun Jam'iyyu: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Taura



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar kasafin kuɗin Jiha, watau lissafin abin da Gwamnati ke sa ran samu cikin shekara da inda za ta kashe shi. Wannan ba baƙon abu ba ne gare ku. A zamanin En'e, daga ƙidayar Hakimai ake sanin yawan haraji da jangalin da zai shiga baitulmalin Kano, sa'an nan a tsara abin da za a yi da shi. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, lokacin Taura tana cikin Jihar Kano, gama Jigawa ba ta samu ba sai ran 27 ga Agusta 1991. Yau kuwa yawancin kuɗin daga asusun Tarayya yake zuwa, amma ba a kashe ko kwabo bisa ƙa'ida sai da yardar Majalisar Dokoki.

Ga yadda abin yake a Tsarin Mulkin 1999. Gwamna shi ke shimfiɗa kasafi gaban Majalisa a Dutse, mai wakilai 30. Su duba, su gyara, su zartar, su mayar masa. Yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, wakilai kashi biyu cikin uku suka sake zartarwa, ya zama doka ko babu hannunsa. In kuwa shekara ta shigo ba a gama ba, sashe na 122 ya yarda masa ya ci gaba da biyan ayyukan Gwamnati har wata shida, amma kada ya wuce gwargwadon abin da aka ware bara.

To, ku lura da wata shidan nan. Wani zai ce ai sauƙi ne, tun da albashi ba zai tsaya ba. Amma fa wata shida daga Janairu shi ne ƙarshen Yuni. Ku da ke zaune kusa da kogin Haɗejiya kun san rani shi ne lokacin gyaran hanya da gada da jingar tare ruwa, kun kuma san taki in bai iso kafin shuka ba amfaninsa ya ragu. Sabon aiki ba ya tashi da kuɗin bara. Saboda haka in gardamar 'yan Majalisa ta ci rani, manomi a Taura da mai kai kaya kasuwar Gujungu su ke biyan kuɗinta, ko da ba su taɓa ganin zauren Majalisar ba.

Shi ya sa sulhu tsakanin jam'iyyu ya zama wajibi wurin wannan aiki, musamman inda Gwamna yake jam'iyya ɗaya, mafi yawan wakilai kuma wata. An ga haka a Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina da Zariya. A 1979 Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci Gwamna, alhali NPN ce ke da rinjaye a Majalisa, Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa na Kakaki. Gwamna ya aika da sunayen kwamishinoninsa, aka ƙi su, ya sake aikawa, aka sake ƙi. Shi yana ganin in ya raba kujeru da NPN ya ci amanar waɗanda suka zaɓe shi. Su kuma suna ganin jama'a ce ta ba su rinjaye, ba za a yi mulki ba tare da su ba. Kowane yana da hujja, ba wanda ya sassauta. Jiha ta yi kusan shekara biyu babu kwamishinoni, har ran 23 ga Yuni 1981 Majalisa ta tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau. Mutane da yawa suna yabon Balarabe Musa a kan tsayuwa bisa aƙidarsa, ni ma ba na musun wannan. Sai dai ayyukan da ya yi wa talakawa alkawari, kowannensu yana bukatar kuɗin da ke hannun waɗanda ya ƙi zama da su.

A Tarayya kuwa, cikin 1979 ɗin nan, Shugaba Shehu Shagari da ya ga NPN ba ta da cikakken rinjaye sai ya ƙulla yarjejeniya da NPP, aka ba ta ministoci da kujerar Kakakin Majalisar Wakilai. Ba ta wuce 1981 ba, amma ta isa Gwamnati ta kama aiki.

Kada ku zaci mu kaɗai ke da wannan ciwo. A Jihar Kalifoniya ta Amurka dā sai da kashi biyu cikin uku ake zartar da kasafi, har ya zama 'yan tsiraru suna iya riƙe shi. A 2009 Gwamnatinsu ta riƙa ba waɗanda ke binta kuɗi takardar alkawari maimakon kuɗi. A 2010 jama'a suka jefa ƙuri'a, aka mayar da shi rinjaye kawai.

Sulhun da nake nufi ba rabon ganima ba ne. Shi ne masu rinjaye su saurari 'yan hamayya a kwamiti tun kafin a shiga zaure, su bar ayyukan mazaɓunsu cikin kasafi in sun cancanta. Su kuma 'yan hamayya su yi suka kan adadi da aiki, kada su riƙe kasafi duka saboda abu guda. A Jigawa mulki ya tashi daga PDP ya koma APC a 2015, kowa ya ɗanɗani zama a gefe.

Ku Hakimai ba ku da jam'iyya, wannan kuwa shi ne ƙarfinku. Abin da ake roƙonku shi ne kowane Hakimi ya sa malaminsa ya rubuta bukatun ƙasarsa dalla-dalla, da sunan gari, da irin aikin, da wanda ya fi gaggawa a sama. A aika ta hannun Majalisar Sarkin Ringim da Ƙaramar Hukuma tun da kaka, kafin Gwamna ya kai kasafi Majalisa, a kuma ba wakilin mazaɓa kwafi, ko wace jam'iyya yake. Malamai, ku ajiye kwafi guda a ofis, ku sa kwanan wata, domin a gwada shi da kasafin idan ya fito.

Wasalam.