Shin Kowa Zai Sami Ceto a Ƙarshe?

A nan Sandamu da ƙasar Daura, wane ne a cikinmu ba shi da dangin da ba masu bi ba? Shi ya sa koyarwar nan cewa kowa zai sami ceto a ƙarshe take da daɗin ji, musamman wurin makoki. Ba sabuwa ba ce. Orijin na Iskandariya ya koyar da ita, aka kuma ƙi ta a taron Kustantiniya a shekara ta 543. Shari'ar mamaci ta Allah ce, ba tamu ba, amma ku buɗe Matiyu 25:46. Da kalma ɗaya Yesu ya faɗi tsawon rai da tsawon hukunci. In hukuncin mai ƙarewa ne, me zai hana ran ma ya ƙare?