Jawabi Kan Karɓar Kuɗin Kirifto a Sana'ar Tikiti da Umara

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa mazauna Sabo, ina gaishe ku baki ɗaya.

An nemi in yi magana kan wannan kuɗi na intanet da ake kira kirifto, saboda yanzu mu masu sayar da tikitin jirgi da shirya Umara, har da masu motocin da ke lodin Kano da Sakkwato, ba a mako guda ba a tambaye mu ko muna karɓa ba. Yawanci ɗa ne ko ƙane da ke aiki a Jidda ko Dubai yake son biya wa mahaifiyarsa kujera, sai ya ce zai turo USDT, wato wanda aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Ni na karɓa, kuma na ɗanɗana kuɗata, don haka ba labarin kanzon kurege zan ba ku ba.

Mu fara da doka, domin mutane da yawa har yau suna riƙe da tsohon labari. A watan Fabrairu 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu wannan harka, ya ce a rufe asusunsu. A watan Disamba 2023 ya janye hanin. A watan Agusta 2024 hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannun jari ta ba kamfanonin Busha da Quidax amincewar farko, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa wannan harka a ƙarƙashin hukumar ƙarara. Ke nan wanda ya karɓi kirifto bai yi laifi ba don ya karɓa kawai. Amma naira ce kaɗai kuɗin ƙasa, kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta ce wanda ya ƙi karɓarta ya yi laifi, tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata 6. Kada wani ya ga naira ta faɗi, kamar yadda dala ta haura 1,500 a farkon 2024, ya ce shi sai kirifto. Maganar halacci a addini kuwa, ga malamanmu nan zaune, ba hurumina ba ne.

To, ga abin da ya same ni. Wani yaro ya turo mini kuɗin Umarar mahaifiyarsa, suka shigo lafiya. Kamfanin jirgi ba ya karɓar wannan abu a hannuna, dole in canza shi zuwa naira. Sai na bi hanyar da yaran unguwa suke bi, wadda suke kira P2P: ka sami mai saye a waya, ya zuba maka naira a banki, kai kuma ka sakar masa. Wanda ya ba ni farashi mai tsoka na zaɓa, ban duba cewa sunan da ya zuba kuɗin daban yake da sunan wanda muka yi ciniki ba. Bayan kwana huɗu na je tura kuɗin tikiti, aka ce an ɗaure asusuna. Ashe nairar da aka zuba mini ta wata baiwar Allah ce da aka damfara a wata jiha, ta kai ƙara, aka bi sawun kuɗin ya tsaya a kaina. Kuma ku lura, ba kuɗin yaron kaɗai aka riƙe ba, har da na sauran maniyyatan da ke cikin asusun, ga azumi ya kawo jiki. Wata tsohuwa kullum bayan la'asar sai ta zo ta zauna a benci a ƙofar shagona, ba ta ce mini uffan ba, wallahi da zagina ta yi ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fitar da ni takarda ce. Ina da rasit mai sunan matar da lambar fasfo ɗinta, da hirarmu da ɗanta, da lambar shaidar shigowar kuɗin. Da baki kawai na je da shi, da Allah kaɗai ya san inda zan kwana, musamman mu da ake yi wa kallon baƙi, ko da kakan mutum a nan aka binne cibiyarsa.

Nan ne maganar haƙƙi ta shigo. Banki ba shi da ikon ɗaure asusunka yadda ya ga dama don wani jami'i ya rubuto wasiƙa. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta ba da damar tsayar da asusu na awa 72, bayan haka sai da umarnin kotu. Saboda haka ka rubuta wa banki, ka nemi a nuna maka umarnin, ka riƙe kwafi mai hatiminsu. In an yi mako biyu ba su warware ba, akwai sashen kare haƙƙin masu ajiya a Babban Banki. In 'yan sanda suka gayyace ka, ka je da lauya ko wakilin ƙungiya, kada ka sa hannu a bayanin da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum kan bashi ko saɓanin ciniki zalla, sun kuma hana kama ɗanka ko yaron shagonka a madadinka. Beli kuma kyauta ne, ko da yake mun san yadda ake yi.

Yanzu ga yadda nake yi. Farashi da naira nake yankewa, rasit ma da naira, in rubuta canjin wannan rana a gefe. Ba na karɓar Bitcoin, domin wanda ya ga ya sauko daga kusan dala 69,000 a ƙarshen 2021 zuwa wajen 16,000 a ƙarshen 2022 ba zai ajiye amanar maniyyaci a ciki ba. Ina canzawa a ranar, ta kamfanin da SEC ta san da shi, cikin asusun da na ware don haka kaɗai. In an fasa tafiya, nairar da ke kan rasit nake mayarwa, kuma mun rubuta haka tun farko. Hoton shaidar biya da ake turowa a WhatsApp ba na kallonsa sai na ga kuɗin da idona. Shi kuma mai turowa ya duba adireshin sau biyu, don in ya kuskure harafi ɗaya babu manajan da zai dawo masa da su.

Ku kuma iyayenmu masu biya, ku tambayi lasisin hukumar alhazai ta NAHCON kafin ku ba kowa kuɗin Umara, ko da wane irin kuɗi ne. Wanda ya ce ku kawo ya juya muku a kirifto ya ninka kafin lokacin tafiya, ku tuna da CBEX da ta rufta da mutane a watan Afrilu 2025, a garin nan jama'a suka fasa ofishinta a Oke-Ado.

Duk wanda aka riƙe wa asusu yanzu haka, ya ga sakatare bayan an tashi, ya zo da takardunsa.