KURA DA FATAR AKUYA: Jawabin Malam ga 'yan'uwa matasa

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya fara da cewa su kansu Turawan Ingila suna da karin magana masu jan kunne game da ruɗin zahiri. Sukan ce ba duk abin da ke ƙyalli ne zinare ba. Marubucinsu Shakespeare ya kawo wannan a wani wasansa, inda wani mai neman aure ya zaɓi akwatin zinare, da ya buɗe sai ya tarar da ƙoƙon kan mutum. Sukan kuma ce kyarkeci cikin fatar tunkiya, ko kabarin da aka shafa wa farar ƙasa, waje fes, ciki ƙasusuwa. Waɗannan biyun daga Linjilar Matta suka samo su.

Malam ya ce abin lura shi ne, masu wannan magana su ne suka aikata ta a kanmu. Da sunan ciniki suka shigo, a ƙarƙashin kamfanin Neja da gwamnatinsu ta ba izini a 1886. A 1900 gwamnatin ta karɓi ragama, a 1903 suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Sai Lugga ya bar rawani da alkyabba da dogarai yadda suke, amma hukunci ya koma hannun Razdan. Talaka yana ganin fada, bai ga mai juya fadar ba.

Daga nan Malam ya juyo kan 'yan'uwa. Ya ce kada mu tsaya ga zargin Bature mu manta da kanmu, domin Bahaushe ma ya san Musa a baki Fir'auna a zuci. Suratul Munafiƙun ta siffanta mutane masu kyan jiki da daɗin baki, ta kamanta su da gumagumai da aka jingine. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa zukata da ayyuka Allah yake dubawa, ba surori da dukiya ba.

Saboda haka, in ji shi, gemu da farin kaya da ƙarfin kabbara a taro ba su isa shaida ba. Kowa ya duba sallarsa ta asuba, da riƙon amanarsa a kasuwa, da halinsa in ya kaɗaita.

Ya rufe da addu'ar Allah ya tsare mu daga riya, ya sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.