Boron: Abin da Ke Cikin Kwano da Abin da Ke Cikin Kwalba

 Yau za mu yi magana a kan wani sinadari da ake kira boron, domin ana sayar da ƙwayoyinsa a kwalba, ana cewa suna ƙarfafa ƙashi, suna warkar da ciwon gaɓoɓi, har suna ƙara wa namiji ƙarfi.

Shi boron a ƙasa yake, tsiro ke tsotsarsa ta saiwa. A shekarar 1923 wata masaniya a Ingila, Katherine Warington, ta nuna cewa wake ba ya girma sosai in babu shi. To, mu kuma daga tsiron muke samu. Yana cikin gyaɗa, da wake, da ganyayen miya, da 'ya'yan itatuwa. Babban mutum yakan ci wajen miligiram 1 a rana ba tare da ya sani ba. Miligiram kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na giram, watau ɗan mitsitsin abu.

Daga ina maganar ƙashi ta fito? A 1987 wani masani a Amurka, Forrest Nielsen, ya gwada mata 12 waɗanda suka daina haila. Ya fara ba su abinci maras boron sosai, sa'an nan ya ƙara musu miligiram 3 kowace rana, sai ya ga kalsiyam, abin da ke gina ƙashi, ya rage fita a fitsarinsu. Gwaji ne mai kyau, amma ku lura, mata 12 ne kawai, kuma da gangan aka rage musu boron tukuna. Mai cin ƙosai da miyar gyaɗa ba haka yake ba. Batun ƙarfin maza kuwa, an gwada a kan samari masu ɗaga ƙarfe, ba a ga wani bambanci ba. Kuɗin kwalbar gara a kai shi wurin mai wake.

Ga inda hatsarin yake. Hukumar Amurka ta sa iyaka, kada babba ya wuce miligiram 20 a rana, ta Turai kuwa 10 ta ce. Ƙoda ce ke fitar da shi, saboda haka mai ciwon ƙoda ya kiyaye. Mai ciki da mai goyo kada su sha sai likita ya ce.

Akwai kuma farin gari mai boron, ana kiransa boraks, da ɗan'uwansa da ake barbaɗa wa kyankyasai. A 2023 wasu sun yi ta yaɗawa a TikTok wai a jiƙa boraks a sha. Kul! Guba ne. Yana kawo amai da zawo, fata ta yi ja tana saɓulewa, jariri kuwa yana iya yin jijjiga har ya mutu. Ga shi kuma yana kama da gishiri ko garin kanwa, don haka kada a ajiye shi a madafa.

In yaro ya lasa, kada ku tsaya ba shi manja ko nono. Ku ɗauko shi maza zuwa ɗakin magani, ku taho da ƙunshin garin domin malamin asibiti ya gani.

Sai wani makon, in Allah ya kai mu.